A hana ba da labarin mafarki a hirar safe, ko a bari?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga ƙasar Ringim ya ce shi ne yake kula da zauren WhatsApp na waɗanda suka shiga firamare tare a garinsu a 1976. Wasunsu suna gida suna noma, wasu suna aikin gwamnati a Dutse da Kano, wasu kuma suna neman abinci a Legas da Abuja. Kullum bayan sallar asuba sai hira ta ɓarke, wannan ya ba da labarin mafarkinsa, wancan ya yi ƙorafin aiki, wani ya ɗauko zancen da. Kwanan baya wani ya ce ya yi mafarkin ɗaya daga cikinsu sanye da fararen kaya jama'a suna biye da shi, sai wani ya yi caraf ya ce ai mutuwa ce. Maganar ta kai kunnen iyalin mutumin, rayuka suka ɓaci. Yanzu wasu sun ce a hana zancen mafarki, wasu kuma sun ce duk hirar ma ɓata lokaci ce, a rufe zauren kowa ya huta. Yana tambaya wanne ya fi dacewa.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka yanke hukunci. A ganina kada ka rufe zauren, kuma kada ka hana zancen mafarki ɗungurungum. Abin da ya kamata a hana shi ne fassara mafarki a bainar jama'a, da ba da labarin mummunan mafarki, da kuma duk mafarkin da aka ga wani sananne a cikin halin da ba zai so a ji ba. Zan kawo dalilaina gwargwadon abin da na karanta a gaban malamaina da abin da koyar da addini a makarantun karkara ya nuna mini.

Hirar safe dai ba waya ce ta kawo ta ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kano da Jigawa ya san cewa idan an sallame sallar asuba ba kowa ne yake wucewa gida kai tsaye ba. A hunturu akan hura wuta da kara a gefen masallaci a zauna jin ɗumi, a sauran lokuta kuma a tsaya a teburin mai shayi ko wurin mai koko da ƙosai, wani ya buɗe rediyo a saurari labaran safe, dattawa su zarce zauren dagaci gaisuwa. A wannan tsayuwa ake sanin wanda ya kwana da ciwo, da gidan da aka sami ƙaruwa, da wanda akuyarsa ba ta dawo ba, wanda ba a gani a sahu ba kuwa sai a aika yaro ya dubo shi. Da neman abinci ya warwatsa ku, sannan wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, sai kuka sami hanyar ci gaba da abin da iyayenku suke yi, har ma wanda bai iya rubutun boko sosai ba ya sami bakin magana ta hanyar saƙon murya.

Masu cewa duk wannan zancen banza ne su duba abin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan zauna a inda ya yi sallar asuba har rana ta fito, sahabbai suna hira suna ɗauko abubuwan da suka faru a zamanin jahiliyya suna dariya, shi kuwa yana murmushi. Imamu Bukhari kuma ya ruwaito daga Samura ɗan Jundub cewa idan Annabi (SAW) ya idar da sallah yakan fuskanto sahabbai ya tambaye su ko akwai wanda ya yi mafarki a daren. Ka ga tuna baya da zancen mafarki duk an yi su a mafi alherin majalisar da aka taɓa zama, kuma a daidai lokacin da kuke yin naku.

Sai dai akwai bambanci mai girma, kuma a cikinsa matsalarku take. A waccan majalisa wanda ake ba labarin mafarki shi ne mafi sanin fassararsa kuma mafi tausayin wanda ya yi shi, a taku kuwa wanda ya fi saurin yatsa shi ne yake fassara. Hirar ƙofar masallaci tana da abin da yake tashin ta, domin rana tana ɗagawa kowa zai tuna da gonarsa ko rumfarsa, kuma kana kallon fuskar abokin maganarka, da ka ga ta canja sai ka sauya zance. Maganar waya kuwa tana nan a rubuce ko a naɗe, yaron da aka aika ya kai wayar wurin mai caji zai iya saurara, uwargida za ta iya gani, kuma cikin ƙiftawar ido an tura ta wani gari. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce tun lokacin da iska take ɗauke ta, balle yanzu da na'ura take ajiye ta. Saboda haka aikinka na mai kula da zaure shi ne ka maye gurbin abin da fitowar rana da ganin fuska suke yi a da.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa mafarki iri uku ne: akwai nagari wanda bushara ce daga Allah, akwai wanda Shaiɗan yake kawowa don ya baƙanta wa mutum rai, akwai kuma abin da mutum yake saƙawa a ransa yana farke sai ya gan shi a barci. Darajar na farko tana da girma, tunda an ce yanki ɗaya ne daga cikin yanki 46 na annabci, amma a fahimtata mafi yawan abin da ake kawowa hirar safe na ukun ne. Binciken likitoci ma ya taimaka wajen gane dalilin da ya sa safiya take cika da irin wannan labari. A 1953 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Chicago da ke Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka lura cewa akwai wani mataki na barci da idanu suke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma waɗanda aka tasa a wannan mataki galibi sukan ce mafarki suke yi. Barcin mutum yana zagayawa ne kusan kowane minti 90, kuma wannan mataki gajere ne a farkon dare, sai ya riƙa tsawo yayin da gari yake gab da wayewa. Wanda kiran assalatu ya tasa yakan farka a tsakiyar mafarki, haka ma wanda ya koma barci bayan sallah. Amma mafarki yakan dusashe cikin 'yan mintuna, kuma kafin mutum ya yi alwala ya je masallaci ya dawo ya ɗauki waya, ya riga ya cike giɓin da tunaninsa ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Idan aka haɗa wannan da son a burge masu sauraro sai a kusanci wuri mai hatsari, domin Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba za a ɗora masa ya ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, ba kuwa zai iya ba.

Idan ka saurari mafarkan abokanka da kyau za ka ga cewa abubuwa ukun da ka lissafa, wato mafarki da ƙorafin aiki da zancen da, daga tushe ɗaya suke. Manomin da ruwa ya cinye wa shinkafa a ambaliyar 2022 zai daɗe yana mafarkin ruwa duk sanda hadari ya haɗu. Ma'aikacin da ya bar makaranta tun shekaru masu yawa zai ga kansa a ɗakin jarrabawa babu alƙalami a makon da aiki ya matsa masa. Ɗan cirani mai gadi a Legas zai ga mahaifiyarsa tana surfe a tsakar gidan da aka rushe tuni. Irin waɗannan ba fassara suke bukata ba, damuwar aiki ce da kewar gida suka bi mutum har shimfiɗarsa, kuma babu laifi a ba da labarinsu a yi dariya. Amsar da ta dace da su ita ce "Allah ya sa alheri ne", sannan wanda ya fi kusa da mutumin ya kira shi a gefe ya tambaye shi yadda al'amura suke.

Mummunan mafarki kuwa hukuncinsa a fili yake. A hadisin Abu Katada an umarci wanda ya ga abin da yake ƙi ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, kada ya faɗa wa kowa, kuma ba zai cutar da shi ba. A wasu ruwayoyin an ƙara da ya juya kwanciya ko ya tashi ya yi sallah. Muslim ya kawo labarin mutumin da ya zo ya ce ya yi mafarki an sare masa kai, Annabi (SAW) ya hana shi ba da labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Mafarki mai kyau ma ba kowa ake faɗa wa ba sai masoyi. A aya ta 5 ta Suratu Yusuf, Annabi Yakubu ya hana ɗansa ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, alhali ubansu ɗaya. Ba ina zargin kowa a zaurenku da hassada ba ne, amma taron mutanen da ajin firamare kaɗai ya haɗa, wasu sun samu wasu ba su samu ba, ba a ɗauke shi duka a matsayin masoyin da hadisi yake nufi.

Batun fassara shi ne ya fi damuna. Malamai sun naƙalto cewa an tambayi Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan, ko kowa zai iya fassara mafarki, sai ya amsa da tambayar ko da annabci ake wasa, ya kuma ce kada wanda ya fassara sai wanda ya iya, idan ya ga alheri ya faɗa, idan ya ga akasin haka ya faɗi alheri ko ya yi shiru. 'Yan littattafan fassarar mafarki da ake sayarwa a kasuwanni ana jingina su ga Ibnu Sirin, tabi'in nan na Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, malamai masu bincike da yawa suna shakkar cewa shi ya rubuta su, kuma ko da shi ne, fassara ba jerin kalmomi ba ce da za a ce haƙori kaza yake nufi, maciji kaza. Abu ɗaya yakan sauya ma'ana gwargwadon halin wanda ya gani da sana'arsa da lokacinsa. Ɗauki mafarkin da ya jawo muku rigima. Fararen kaya ango yana sawa, alhaji yana ɗaura harami fari, liman yana hawa mumbari da su, ranar Idi gari yakan yi fari fat, kuma duk waɗannan jama'a sukan bi su a baya. Me ya sa abokinku ya tsallake wannan duka ya faɗa kan likkafani? Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu kuma wanda ya san ƙasar da zai mutu a cikinta.

Gyaran wannan ɓarna ba a cikin zauren za a yi shi ba, domin duk wanda ya ƙara magana a kai yana ƙara tayar da hankalin iyalin ne. A goge saƙonnin, sannan wanda ya yi mafarkin da wanda ya fassara, ko wakilansu idan suna nesa, su ɗauki dattijo ɗaya su taka har gidan, su ba da haƙuri, su bayyana wa uwargida da 'ya'ya cewa maganar ba ta da tushe a ilimi. Idan mutumin yana son ya yi sadaka ya yi, sadaka alheri ce a kowace rana, amma kada wani ya sa masa a rai cewa fansar ransa yake biya.

Akwai nau'in da ya fi wannan muni, kuma shi ne nake so ka hana ba tare da sassauci ba, wato mafarkin da yake zama tuhuma. An sha jin wanda ya yi mafarkin wata tsohuwa tana bin sa da gudu, kafin azahar an laƙaba mata maita, ko matar da ta ga kishiyarta tana ba ta abinci a barci, daga nan zaman gidan ya lalace. Malamai ba su ɗauki mafarkin wanda ba annabi ba a matsayin hujjar da za a gina hukunci a kanta ba, alƙali ba ya karɓar sa a matsayin shaida, kuma mutuncin Musulmi bai halatta da shi ba. Ka kuma gargaɗi abokanka game da masu bin mutum ta waya da sunan malanta, su ce mafarkinsa yana nuna an yi masa asiri, maganin kuwa sai an turo kuɗin rago.

Wani ɓangaren kuma na lafiyar jiki ne. Zazzaɓin cizon sauro yakan kawo mafarkai masu ruɗarwa, haka ma wasu magungunan asibiti da ƙwayoyin da matasa suke sha don ƙarfin aiki. Dannau, wanda mutane da yawa suke tsoro, likitoci sun yi bayaninsa: a matakin barcin da ake mafarki jiki yakan saki gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani, sai wani lokaci hankali ya farka kafin gaɓoɓin su dawo, mutum ya ji an danne shi ba ya iya motsi na ɗan lokaci, kuma ƙarancin barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Addu'ar kwanciya tana nan a matsayinta. Amma wanda mummunan mafarki iri ɗaya yake maimaita masa tsawon makonni bayan hatsarin mota ko fashi ko rashin wani nasa, har yana tsoron kwanciya, ya haɗa da ganin likita. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure da Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Wani abin lura a Suratu Yusuf shi ne yadda mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu ya ƙare. Annabi Yusuf ya haɗa fassararsa da tsarin aiki: a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci. Duk wanda ya ga yadda iyayenmu suke jera damman gero a rumbu ba tare da an sussuke ba ya san hikimar wannan. Shi ya sa nake ganin zancen aiki shi ne ɓangaren hirarku da ya fi amfani, idan an tafiyar da shi daidai. Wanda yake Maigatari ranar Alhamis ya faɗi yadda dabbobi da riɗi suka kwana, wanda ya je Gujungu ranar Lahadi ko Wudil ranar Juma'a ya kawo nasa, mai zuwa Dawanau ya faɗi farashin hatsi, wani ya sanar inda aka sami ruwan shuka, ko inda tsutsa ta faɗa wa masara, ko inda jan-baki suka sauka a kan shinkafa. Labari irin wannan yakan hana mutum sayar da amfaninsa a wulaƙance ko yin tafiyar banza, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi. Sharaɗinsa shi ne mutum ya faɗi abin da ya gani ko ya ambaci wanda ya gaya masa, kuma duk sanarwar ɗaukar aiki da aka ce sai an biya kuɗin fom ta asusun wani mutum a goge ta nan take.

Sai dai ku tuna cewa safiyarku ba iri ɗaya ba ce. Mai gadi a Legas da asuba yake tashi daga aiki, hira a wurinsa hutu ce. Manomi a damina kuwa sanyin safiya shi ne jarinsa, idan ya bari rana ta take yana duba waya, 'yan ƙwadagon da ya ɗauka ma ba za su yi masa aikin kirki ba, malamin makaranta kuma yara suna jiran sa a aji. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhru Al-Gamidi, ɗan kasuwa ne da yake fitar da hajarsa da sassafe, dukiyarsa ta yawaita. Ku yi yarjejeniya cewa hira tana tsayawa idan rana ta fito a ci gaba bayan isha'i, kuma kada a zargi wanda bai amsa gaisuwa ba da girman kai. Wanda Allah ya buɗa wa kuma ya rage turo hoton ofis da mota da sassafe, domin a cikin masu kallo akwai wanda bai san abin da za a ɗora a gidansa ba a ranar.

Tuna baya shi ma ba aibi ba ne. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa da aka yi hijira zazzaɓin Madina ya kama Bilal, idan ya lafa masa sai ya ɗaga murya da baitocin begen Makka, yana ambaton ciyayin kwarinta da ruwan Majanna da duwatsun Shama da Ɗafil. Da labari ya kai wa Annabi (SAW) sai ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina kamar son Makka ko fiye. Idan Bilal ya yi kewar garin da aka azabtar da shi a cikinsa, ba abin mamaki ba ne mutumin ƙasar Ringim da ke kwana a shago a Abuja ya yi kewar dandali da langa da tashe da kalankuwa, da ƙarar jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru idan ya tsaya a tasha.

Inda nake da ja shi ne idan tuna baya ya koma cewa komai na da alheri ne, komai na yanzu lalacewa ne. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma sau da yawa abin da mutum yake kewa ƙuruciyarsa ce da iyayensa da suke raye, ba zamanin kansa ba. Ku da kuka shiga firamare a shekarar da aka fara shirin ilimi kyauta na UPE kuna yara ƙanana lokacin farin 1973, nauyinsa a kan iyayenku ya sauka, su ne suka ga dabbobi suna mutuwa, suka ga noman gyaɗa ya durƙushe bayan cutar da ta faɗa mata a 1975. Su ne suke ɓuya idan an fito karɓar haraji, makiyaya kuma suna fama da jangali, har sai da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke su a 1979, lokacin Jigawa tana cikin jihar Kano kafin a ƙirƙiro ta a 1991. Ƙyanda tana shiga gari ta ɗebi yara, kurkunu yana kwantar da magidanci a tsakiyar damina, cutar da sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Mai cewa a 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne kuma yana isa, yanzu naira 70,000 ba ta kai ko'ina, yana da gaskiyarsa, amma ya tuna cewa mafi yawan mutanen garinku ba su taɓa karɓar albashin ba ko a wancan lokaci. Akwai abubuwan da aka rasa da gaske: gonaki sun tsuke saboda rabon gado, itatuwa sun ragu, gayya ta ja baya, ƙasar da take ba da amfani da takin gida yanzu sai da buhun takin zamani. Waɗannan sun cancanci a tattauna su da hankali. Abin da bai dace ba shi ne na birni ya riƙa yabon ƙauyen da yake tunawa yana kushe wanda yake nan, alhali abokansa da suka zauna a cikinsa suna saurare, su ne kuma suke binne masa dangi suna duba masa gona.

Tunda kuna da sha'awar zancen da, ku mayar da wani ɓangarensa abin da zai amfani 'ya'yanku. Waɗanda suka ga farin 1973 suna magidanta yanzu sun haura shekara saba'in, kuma a bakinsu kaɗai ake samun sunayen tsoffin rijiyoyi da fadamu da unguwannin da aka tashi, da jerin dagatan garin, da malaman tsangayun da suka zauna a cikinsa, da hanyoyin da fatake suke bi. Ku wakilta ɗaya daga cikin mazauna gida ya riƙa ziyartar su da yamma, ya nemi izininsu kafin ya naɗi muryarsu, na birni kuma su ɗauki nauyin kuɗin data da ɗan goron da za a kai wa dattawan. Abin da aka naɗa a kwafe shi a katin ajiya, wani mai kyan rubutu kuma ya juye shi a littafi da boko ko da ajami, domin waya tana ɓata ko ta lalace, kuma kada a saka a zaure duk abin da ya taɓa asirin wani gida ko rikicin gona da ba a gama sasantawa ba.